BABI NA BIYU: TARIHIN NUNA ADDINI DA SHA'AWA A SILIMA DA DANDALI A SABON GARI DA SAMARUN ZARIYA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa da hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai. Shi kuwa wannan babi tarihi zai waiwaya, domin a ga yadda aka yi abubuwa biyu da Bahaushe ba ya son ambatonsu a zama ɗaya, wato addini da sha'awa, suka haɗu a kan ƙyallen majigi da bangon silima, a kuma ga su wa ake nunawa, su wa ake bari a waje, duk lokacin da aka yi wannan haɗi. Abin da ake nufi da sha'awa a nan shi ne abin da ke jan namiji zuwa ga mace ko mace zuwa ga namiji, tun daga bege har zuwa abin da kunya ke hana faɗa.

Yawancin masanan da suka yi rubutu a kan fim a ƙasar Hausa, irin su Adamu (2007) da Larkin (2008) da Krings (2008), Kano suka mayar cibiyar nazarinsu, kuma ba a ga laifinsu ba, don can kasuwar take. Amma mai wannan bincike na ganin akwai tambayar da Zariya ta fi Kano dacewa da ita. A nan ne aka sami gidajen kallo a Sabon Gari, da maɗaba'a a Tukur-Tukur, da jami'a mai dandalin gwaji a Samaru, da Hausawa Kirista a Wusasa, duk a cikin tazarar da ba ta kai kilomita 20 ba. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, tun daga zamanin majigi har zuwa na bidiyo, masu kallo a wannan yanki sun fi abin da suke kallo cuɗanya. Za a kawo misalin ƙasar Japan a matsayin ma'auni, domin a gane abin da ya hana a sami akasin haka.

2.1 Yadda Turawa Suka Yanka Garin

Kafin a yi maganar silima dole a yi maganar ƙasa, domin wurin da aka gina gidan kallo shi ne ya fara yanke hukuncin wanda zai shiga. Turawa sun kafa ikonsu a Zariya a 1902. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Baro ta ratsa ta Zariya ta isa Kano a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa Jos, aka kuma ja wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda wanda aka kammala a 1929. Wannan ya mayar da Zariya mahaɗa, ya kuma jawo akawuna da makanikai da leburori da 'yan tireda daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo da ta Nufawa, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Manufar Turawa ita ce kada baƙi su cuɗu da talakawan sarki. Saboda haka sai aka yanka wa baƙin Kudu Sabon Gari a ƙetaren rafin Kubanni kusa da tasha, aka ba baƙi Musulmi 'yan Arewa Tudun Wada, aka bar Zagezagi a cikin ganuwa.

Wannan rabo bai tsaya yadda aka so ba. Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa masu neman kasuwa sun zauna a Sabon Gari, sannan barikin horar da kuratan soja da aka kafa a 1924 ya ƙara kawo mutane daga ƙabilun tsakiyar ƙasa. Da yake kowa da harshensa, sai Hausa ta zama harshen ciniki da na unguwa. Ita kuwa Samaru ta faro ne daga gonar gwajin aikin gona ta 1922, sannan Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta zo a shekarun 1950, wadda ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. A gefe guda kuma ga Wusasa, inda aka mayar da mishan ɗin da Dakta Walter Miller ya kafa a cikin birni, a 1929.

A bakin mutumin birni duk waɗannan wurare suna ɗaya gare su, wato bariki. Kalmar ta tashi daga ma'anarta ta gidan soja ko na Bature, ta koma nufin rayuwar da ba ta ƙarƙashin idon iyaye da malamai, inda ake samun giya da goge da karuwai da 'yan daudu da 'yan bori. A cikin wannan suna aka haifi silima, kuma har ta mutu ba ta rabu da shi ba.

2.2 Majigi da Silima

Ya kamata a bambance majigi da silima, domin Hausawa sun bambance su. Majigi na gwamnati ne. Mota ke kawo shi, a kafa ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a yi kallo kyauta da izinin hakimi, mai fassara na bayani da lasifika. Saƙonsa tsafta ne da noma da biyan haraji, kamar yadda ake gani a fim ɗin Baban Larai na shekarun 1950 mai kwaɗaitar da noman zamani. Babu sha'awa a majigi, addini kuwa ba a taɓa shi sai dai a nuna rawani da masallaci daga nesa. Saboda haka yaro da dattijo na iya tsayawa wuri ɗaya su kalla.

Silima kuwa ta kuɗi ce, Kwarori ne suka fi riƙe ta, kuma a bariki aka gina ta. A Kano, kamar yadda Larkin (2008) ya nuna, an buɗe Rex a 1937. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a El-Duniya ta halaka mutum 331. Binciken gwamnati ya ce daga faifan fim wutar ta kama, amma a gari maganar da ta yaɗu ita ce azaba ce ta sauka a kan masu kallon dodon bango. Da aka buɗe Palace a cikin birnin Kano a 1952, sai da aka yi jifa da duwatsu. A Zariya gidajen kallo na Sabon Gari sun bi tsarin nan ne na fili marar rufi, da kujeru masu daraja-daraja gwargwadon kuɗin mutum, ba a fara nuni sai duhu ya yi. Macen da aka gani a ciki kuwa an gama yanke mata hukunci. Duk da haka, a kan waɗannan kujeru ne ɗan birni da ya sato jiki, da kurtun soja, da akawun reluwe, da ɗalibin Samaru suke zama kafaɗa da kafaɗa. Da wuya a sami wani wuri a Zariya ta wancan lokaci, in ban da kasuwa, da ke tara irin waɗannan mutane.

Abin da suke kallo fim ɗin kaboyi ne na Amurka, da na faɗan Canis, da na Indiya wanda ya fara shigowa a shekarun 1950 ya kuma danne sauran. Dalilin karɓuwar na Indiya sananne ne. Akwai auren dole, akwai biyayya ga iyaye, akwai mayafi da kunya, masoya kuma ba sa wuce waƙa da zagaya itace. Wato an sami hanyar da za a nuna sha'awa ba tare da an nuna jiki ba. Gumakan Hindu da ke cike da waɗannan finafinai kuwa, masu kallo Musulmi sun koyi kawar da kai daga gare su.

A nan akwai wani abin lura da ya shafi harshe. Kalmar bege a Hausa ita ake amfani da ita ga son Annabi (SAW), ita kuma ake amfani da ita ga kewar masoyi. Larkin (2004) ya yi nazarin ƙungiyoyin bandiri na Kano, irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗaukar karin waƙar fim ɗin Indiya su ɗora masa baitocin yabon Manzo. Karin da aka ji a gidan silima yana kiran budurwa, shi ne ake ji a wurin mauludi yana kiran Ma'aiki. Masu yi na cewa sun tsarkake karin ne, masu suka na cewa sun shigo da bariki cikin zikiri. A ganin mai wannan bincike, wannan ita ce haɗuwar addini da sha'awa mafi ƙarfin hali da silima ta haifar a ƙasar Hausa, kuma ta kunne ta faru, ba ta ido ba.

2.3 Daga Jiki Magayi Zuwa Shaihu Umar

Tun kafin a ɗauki fim da Hausa, Zariya ta riga ta fitar da labarin da ya haɗa abubuwan nan biyu. A cikin littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko da Hukumar Talifi ta buga a tsakiyar shekarun 1930 akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East. Labari ne na attajirin da ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da ƙarfin dukiya, da yadda saurayin ya bi hanyar tsafi don ɗaukar fansa, har abin ya ƙare da ɗa ya kashe ubansa. Bahaushe Kirista da Bature ne suka rubuta shi, game da Musulmi, kuma aka karanta shi shekara da shekaru a makarantu ba tare da an tayar da jijiyar wuya ba.

Amma da aka tashi yin babban fim na Hausa ba shi aka ɗauka ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ɗauka, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976. Fim ne mai nauyi da natsuwa, mai nuna haƙuri da tawakkali da darajar ilmi. Akwai sha'awa a cikinsa, sai dai ta mai iko ce a kan wanda ba shi da iko, wato ta masu kama bayi da masu sayensu, kuma uwar Umar ce ta ɗauki wahalarta tun daga ƙasar Hausa har ƙetaren Sahara. Mutanen ƙauyukan da ake kai wa hari kuwa ba su da baki a labarin. Fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekaru masu yawa, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018.

Sauran finafinan silima na Hausa ba su da yawa. Akwai Maitatsine na Sule Umar, da Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa na 1991, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu na 1992, wanda aka ɗauko daga wasan Umaru Ɗanjuma Katsina da kamfanin NNPC na Zariya ya buga. Na ƙarshen nan ya taɓo sha'awar alhazan birni ga 'yan mata 'yan makaranta, amma ya zo a makare. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, faifan silima ya gagari saye, gidajen kallo a faɗin ƙasa suka shiga komawa coci-coci da ɗakunan ajiya.

2.4 Samaru: Gwajin da Bai Hau Bango Ba

In akwai inda ya kamata a sami fim mai karya ƙa'ida a Arewa, to Samaru ce. Tun a 1958 ɗaliban zane na kwalejin, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta yi wa koyarwar Turawa tawaye, suka ce sai an haɗa fasahar gida da ta waje. A 1975 kuma Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar, aka gina dandali na ƙasa mai siffar gidan Bahaushe wanda Steven Ehrlich ya zana. Etherton da abokan aikinsa, irin su Brian Crow da Salihu Bappa da kuma Oga Steve Abah daga baya, sun bar rubutaccen wasa suka fita wajen jama'a. Ɗalibai kan shiga unguwa ko ƙauye su saurari koke, su ƙaga wasa nan take, su nuna a dandali, sannan 'yan kallo su sa baki su gyara. Haka aka yi Wasan Manoma a Soba a 1977, aka yi na Maska a 1979, aka ci gaba a Bomo da unguwannin Samaru.

Wannan gwaji ne na haƙiƙa, kuma a fagen wakilci ya yi abin da silima ba ta yi ba, domin ɗalibi Ba'idome ko Bayarabe kan tsaya gaban manoma ya yi wasa da Hausarsa yadda take, manomi kuma ya fito a matsayin kansa. Amma abubuwa biyu sun rage masa. Na farko, batutuwansa taki ne da gona da rashawa da tsafta. Addini da sha'awa ba su cika shiga ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda baƙo ba ya shiga garin mutane da izinin dagaci sannan ya taɓo liman ko matan kulle. Na biyu, wasa ne na yini ɗaya, in an watse ya watse.

Sannan yanayin garin kansa ya sauya. Tun ƙarshen shekarun 1970 harabar jami'a ta zama fagen gwagwarmayar ƙungiyoyin addini na ɗalibai. A watan Maris na 1987 rikicin da ya faro daga Kwalejin Ilmi ta Kafancan ya iso Zariya, aka ƙona majami'u da otal-otal da gidajen giya, a 1992 kuma na Zangon Kataf ya biyo baya. Bayan wannan, duk wanda zai haɗa Musulmi da Kirista a labarin so ya san ba da alƙalami kaɗai yake wasa ba. Ƙasarmu Ce shi ne fim ɗin da ya fi kusa da ruhin Samaru, kasancewar mai shi ya yi aikin wasan kwaikwayo a jami'ar, amma shi ma batunsa ƙwacen gonakin talakawa ne saboda duwatsu masu daraja, kuma da taimakon makarantar fim ta Ingila aka yi shi.

2.5 Ma'auni Daga Japan

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa Zariya da Japan. Ba a kawo ta don an kalli finafinanta na gwaji a Sabon Gari ba, domin ba irin hajar da 'yan kasuwar silima ke kawowa ba ce. An kawo ta ne don ita ma ƙasa ce mai kunya da girmama na gaba da tace finafinai, amma duk da haka a shekarun da ake wasan Samaru ta riga ta sami finafinan da suka tunkari addini da sha'awa gaba da gaba.

Asirin abin wata ƙungiya ce da ake kira ATG a taƙaice, wadda aka kafa a 1961 da tallafin babban kamfanin fim na Toho. Da farko finafinan waje take nunawa a 'yan gidajen kallonta, kuma wanda ta fara da shi a 1962 na ƙasar Folan ne, game da mata masu zaman zuhudu da aka ce aljanu sun shige su. Daga 1967 sai ta shiga haɗa kuɗi da daraktoci, ana yin fim a kan kimanin yen miliyan 10, ita rabi mai fim rabi, ba ta kuma sa masa baki a aikinsa. Ta haka Oshima Nagisa ya yi Koshikei a 1968, labarin wani saurayi ɗan asalin Koriya haifaffen Japan da aka rataye bai mutu ba, jami'an kurkuku da limamin Kirista suka shiga kwaikwayon laifinsa don su tuna masa ko shi wane ne, har wariyar da ke zukatansu ta fito fili. Matsumoto Toshio ya yi Bara no Soretsu a 1969 game da maza masu shigar mata a mashayun Tokiyo, kuma su ɗin ne suka fito da kansu, har ana tsayar da labari a yi hira da su. Jissoji Akio kuwa ya yi Mujo a 1970, inda ya haɗa haramtacciyar alaƙa tsakanin ya da ƙane da sassaƙar gunkin Buda da muhawara da malamin addinin a kan wuta da aljanna. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Lokarno a shekarar.

Ba ana cewa waɗannan finafinai abin koyi ba ne a wajen tarbiyya, kuma su ma ba su tsira daga zargi ba. Kusan duk masu yin su maza ne, jikin mace kuma shi ne allon da suke rubutu a kai. Fim ɗin Imamura Shohei na 1968, Kamigami no Fukaki Yokubo, wato zurfin sha'awar alloli, ya nuna mutanen tsibiran kudu a matsayin masu tsafi da sakin jiki, irin kallon da ɗan birni ke yi wa Bamaguje. Shi kansa Oshima sai da aka gurfanar da shi a kotu kan littafin fim ɗinsa na 1976, kafin a wanke shi. Abin da ake so a ɗauka daga misalin shi ne tsarin. Akwai ƙaramin gidan kallo, da 'yan kallo na musamman, da kuɗi kaɗan na cikin gida, ta yadda fim zai iya rayuwa ba tare da ya gamsar da kowa ba. Zariya ta sami masu tunani a Samaru da gidajen kallo a Sabon Gari, amma ba a sami abin da ya ƙulla su ba.

2.6 Zamanin Bidiyo

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya faro ne a Kano da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya kuma bunƙasa bayan fitowar Sangaya a 1999. Bidiyo ya yi abin da silima ta kasa, wato ya shiga cikin gida ya tarar da matan aure. Wannan ya faɗaɗa kasuwa, ya kuma ƙara tsoro, domin abin da a da yake bariki yanzu ga shi a tsakar ɗaki. Masu shiryawa sai suka ɗauki dabarar Indiya. Sha'awa ta koma cikin waƙa da rawa, sau da yawa a mafarki ko tunani, addini kuma ya koma ƙarshen fim inda malami ko dattijo ke yin nasiha. Muddin kowanne ya tsaya a ɗakinsa, ana zaman lafiya.

Waɗanda suka gwada haɗa su a jikin mutum ɗaya sun ɗanɗana kuɗarsu. Saliha? na Yakubu Lere na Kaduna, wanda ya fito a 1999, ya nuna yarinya mai hijabi da kamun kai wadda bayan aure aka gane tana da wata rayuwa a ɓoye. Adamu (2007) ya kawo yadda wata ƙungiyar addini ta yi wa masu fim ɗin barazanar kisa. Malam Karkata, labarin malamin tsibbu mai lalata da matan da ke zuwa neman taimako, 'yan kasuwa ne da kansu suka juya masa baya. Ba a ce babu irin waɗannan mutane a gari ba. Abin da aka ce shi ne nuna su cin zarafin addini ne.

A watan Disamba na 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, ta kuma kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Zariya ba ta ƙarƙashin wannan hukuma, kuma Jihar Kaduna, bayan rikicin Fabrairun 2000, wani tsari dabam ta bi na kotunan shari'a da na gargajiya. Amma da yake manyan dilolin kaset a Kano suke, musamman a Ƙofar Wambai, duk fim ɗin da ba zai sayu a can ba, ba zai mayar da kuɗinsa ba. Ta hanyar kasuwa dokar Kano ta iso shagunan haya na Samaru da Sabon Gari.

A ɓangaren wakilci kuwa, ana iya cewa baya aka ci. A shekarun 1970 da 1980 shirin Samanja na Usman Baba Pategi, wanda shi kansa Banufe ne, ya nuna bariki da Hausarta ta soja, kowa da irin bakinsa, ana dariya tare. A bidiyo kuwa wanda ba Bahaushe Musulmi ba yakan fito ne a ɗayan siffa biyu. Ko dai abin dariya ne mai gurɓatacciyar Hausa, kamar Bagwarin finafinan barkwanci, ko kuma arne ne mai ganye da tsafi wanda zai musulunta kafin a tashi, kamar a finafinan da Krings (2008) ya nazarta irin su Shaheed. A irin waɗannan sau da yawa son wata ko wani ne ke jan mutum zuwa kalmar shahada, wato an yarda sha'awa ta ƙetare iyakar addini in dai za ta dawo da riba. Ɗan daudu ma ya sami shiga, amma ta ƙofar dariya, kamar a Ibro Ɗan Daudu na Rabilu Musa. Bahaushen Wusasa, mai suna Bulus ko Saratu, wanda ba shi da wani harshe sai Hausa, da ƙyar ake ganinsa. Abin mamaki shi ne su kansu 'yan wasan cuɗaɗɗu ne. Ali Nuhu, alal misali, mahaifinsa mutumin Balanga ne a Gwambe, mahaifiyarsa kuma 'yar Bama a Barno.

Bayan abin kunyar da ya ɓulla a masana'antar a 2007, an naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka tsananta doka, masu fim da yawa suka koma Kaduna da Jos. A wannan yanayi ne Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya fitar da Tsintsiya, wanda ya ɗauko salon West Side Story na Amurka ya yi magana a kan rikicin ƙabilanci da addini. A watan Disamba na 2008 kotu ta ɗaure shi bisa tuhumar sakin fim ɗin a Kano ba da izinin hukuma ba. Sai bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 aka sami shiri mai dogon zango, Daɗin Kowa, inda Kirista ke zaune a unguwa a matsayin maƙwabta masu suna da sana'a da matsalolin kansu. Sai dai ofishin jakadancin Amurka ne ya tallafa wa Tsintsiya, ita ma Arewa24 da kuɗin gwamnatin Amurka aka kafa ta. A babi na uku za a ɗauki Shaihu Umar da Saliha? da Tsintsiya ɗaya bayan ɗaya, a duba zubinsu da taurarinsu da irin Hausar da aka sa a bakin kowane.